Me ya sa manhaja mai zare huɗu ta fi mai zare ɗaya jinkiri?

Tambaya: Malam, na rubuta manhaja da yaren C mai zare huɗu, wato sassa huɗu da ke aiki lokaci guda. Kowane zare yana ƙara lamba a nasa gurbin cikin jeri ɗaya, ba mai taɓa na wani. Amma sai ta fi mai zare ɗaya nawa. Ina matsalar take?

Amsa: Lissafinka daidai ne, wurin zaman lambobin ne ya jawo. Furosesa tana da ƙwayoyi masu yin lissafi, kuma galibi kowane zare a tasa ƙwayar yake gudu. Kowace ƙwaya tana da ƙaramar ma'ajiya a kusa da ita, wato kash, kuma dunƙule guda da ake kira layi take ɗaukowa daga babbar ma'ajiya, wato RAM, bayit 64 a furosesocin Intel da AMD. In kowace lambarka bayit 8 ce, huɗun bayit 32 ke nan, galibi duk a layi ɗaya.

Kash na zamani yakan riƙe abin da aka rubuta, ba ya kai shi RAM sai an kori layin. Don kada wata ƙwayar ta karanta tsohon zance, akwai ƙa'idar MESI, wadda aka fitar a Jami'ar Illinois a 1984. A wurin kowace ƙwaya, layi yana cikin ɗaya daga hali huɗu, kamar ƙwayar ce ke cewa: M, na sauya shi kuma ni kaɗai ke da shi, E, ni kaɗai amma ban taɓa ba, S, muna tarayya, I, kwafina ya tashi aiki.

Ga abin da ke faruwa a manhajarka. Ƙwaya ta farko za ta yi rubutu, sai ta sa sauran su soke kwafinsu, nata ya zama M. Ta biyu ta zo rubuta tata lambar, ta tarar da I, dole ta karɓo layin baki ɗaya, na farkon ya soku. Haka za a yi ta yi, guga ɗaya mutum huɗu a bakin rijiya. Karatu daga kash mafi kusa zagayen agogon furosesa 4 ko 5 ne, karɓo layi daga wata ƙwayar kuwa gommai ne, wani lokaci fiye da ɗari.

Kada ka ɓata lokaci da kalmar volatile ta C, ba ya maganin wannan. Abin da ya fi: kowane zare ya tara lissafinsa a lambar cikin aikinsa, ya zuba a jerin sau ɗaya in ya gama. In dole sai a jerin, raba su da _Alignas(64), kowa da layinsa. A Apple M1 sa 128. In kana kan Linux, umarnin perf c2c zai nuna maka layin da ake wa rububi.