Ƙimar p ta fito 0.08, shin aikina ya lalace ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina digiri na biyu a fannin tattalin arziki. Na tattara kuɗin shigar wata-wata na mata 'yan kasuwa 80, rabi sun ci bashin ƙungiya, rabi ba su ci ba. Na yi gwajin t a manhajar ƙididdiga ta SPSS don kwatanta rukunan biyu, ƙimar p ta fito 0.08. Wani mai shagon kwamfuta a bakin makaranta ya ce in biya shi ya "gyara" min ta sauko ƙasa da 0.05, wai in ba haka ba za a yi fatali da aikin. Wallahi kwana biyu ban runtsa ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, aikinki na nan da ransa. Gyaran nan da ake miki tayi, shi ne zai kashe shi.

Kafin mu zo kan p, ki duba bayananki. Kuɗin shiga ba ya rabuwa daidai wa daida: jama'a na cunkushe a ƙasa, 'yan tsiraru sun yi can sama. A ce mata tara na samun naira 30,000 kowacce, ta goma dillaliyar atamfa ce mai samun 600,000. Matsakaici zai ba ki 87,000, kuɗin da tara daga cikinsu ba su taɓa gani ba a wata. Gwajin t kuwa matsakaici yake kwatantawa, mace ɗaya irin wannan ta isa ta kumbura bambancin da ke cikin rukuni har t ya yi ƙasa. William Gosset, wanda ya fitar da gwajin a 1908 yana aiki a kamfanin Guinness a Dublin, ya gina shi ne a kan awon da ke taruwa a tsakiya, ba irin wannan mai doguwar jela ba. Don haka ki zana jadawalin rarrabuwar kowane rukuni ki gani da idonki. Ki karanta layi na biyu a teburin SPSS, wato gwajin Welch, wanda bai ɗauka cewa rukunan biyu sun warwatsu iri ɗaya ba. In jelar ta yi tsawo, ki maimaita da logaridim na kuɗin, ki ƙara da gwajin Mann-Whitney, wanda ke kwatanta matsayin kowace mace a jeri maimakon matsakaici, sannan ki rubuta duk abin da kika gwada, ba wanda ya yi miki daɗi kaɗai ba.

Yanzu ga abin da ke ƙona min rai. Kusan kullum sai ɗalibi ya shigo ofishina fuska a murtuke, wai "sakamako bai fito ba". An mayar da 0.05 makin cin jarrabawa: ƙasa da shi ka haye, sama da shi ka faɗi. Wa ya faɗa muku haka? Ronald Fisher ne ya yayata wannan iyaka a 1925 don sauƙin aiki, ba wahayi aka saukar ba. Har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne a kan yanke hukunci da wannan layin kaɗai. Ma'anar 0.08 ɗinki ita ce: in da babu wani bambanci a haƙiƙa, za a ci karo da tazara irin taki ko wadda ta fi ta kusan sau 8 a cikin 100. Bai ce bashin ba ya amfani ba. Bai ce yana amfani ba. Cewa ya yi mata 80 ba su isa a yanke magana ba, kuma wannan ma sakamako ne da ake rubutawa a babi na huɗu ba tare da jin kunya ba.

Na san yadda masu shagunan nan ke yi, don aikinsu na biyowa ta teburina. Wani ya juya gwajin zuwa mai gefe ɗaya, wato mai neman bambanci ta fuska guda kawai, bayan ya ga sakamako, nan take 0.08 ta zama 0.04. Wani ya goge layukan da suka "ɓata" lissafi. Wanda ya fi rashin tsoron Allah ya kwafi layukan duka ya liƙa a ƙasa, mata 80 su koma 160. Na taɓa ganin fayil da mace ɗaya, mai shekaru ɗaya da jari ɗaya, ta bayyana sau uku. Ranar kare aiki, in aka ce ki kawo takardun tambayoyinki, mai shagon yana can yana yi wa wani, ke kaɗai za ki tsaya gaban malamai. Kuma irin waɗannan rahotannin ne wata ƙungiya za ta ɗauka gobe ta ce a ƙara ɗora wa mata bashi.

Wani abu kuma, ko da p ta fito 0.001, ba za ki ce bashin ne ya ƙara musu kuɗi ba, don mai yiwuwa masu jari ne dama aka ba. Ki rubuta bambancin a naira, ki haɗa da tazarar amincewa ta kashi 95, wato iyakar ƙasa da ta sama da ake kyautata zaton ainihin bambancin na tsakaninsu, ki faɗi yadda aka zaɓi waɗanda suka ci bashin. Da wannan za ki je wurin malamin da ke duba aikinki, fayil ɗinki na asali yana hannunki.