Amsa kan na'urar gwajin PSA da ɗigon jini

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai na'urar da za ta gano kansar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da ɗigon jini kamar ta masu ciwon suga. Akwai, aikinsu kusan ɗaya ne, sai dai abin da take aunawa shi ne PSA, wato wani sinadari da furostet ke fitarwa wanda kan ƙaru a jini idan akwai kansar. Ana manna sinadarin da ke kama PSA a kan ɗan siririn falle na zinare ko kabon. Da jini ya taɓa shi PSA ya maƙale, sai ƙarfin lantarkin da ke ratsawa ya canza, na'urar ta mayar da canjin lamba. Galibinsu dai suna ɗakunan bincike tukuna.

Amma don Allah kada lambar ta tsorata Baba. Ko ta haura nanogiram 4 a mililita, kumburin furostet na tsufa ko ciwon sanyi ma kan ɗaga ta. Ku kai shi wurin likitan mafitsara, sai an ɗebi tsoka an duba ake tabbatarwa.