Malam, wai na ce ina dafa mutane?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai girkin taro ce a Mabera, cikin Sakkwato. Biki, suna, walima, buɗe-baki, duk ina yi. Na ɗora hoton tukwanena a WhatsApp, na rubuta "I cook people for wedding". Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gani, ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce in goge, amma ya ƙi faɗa mini laifin. Me na ce ne?
Daga wata mai girki, Mabera

Amsa: Hajiya, kin sanar wa duniya cewa ranar biki mutane kike zubawa a tukunya. Ba laifin yaron ba ne.

Duk rigimar a kan 'yar kalmar nan ce, "for". Mu ma muna da irinta. Dubi tazarar da ke tsakanin "na dafa baƙi" da "na dafa wa baƙi", ko a bakinmu na Sakkwatawa, "na dahwa ma baƙi". To, aikin wannan "wa" shi "for" ke yi. Ke kin sa ta, sai dai kin kai ta gaban biki, kin bar mutane a kan murhu. Ki rubuta "I cook for weddings". In adadi kike son nunawa, "I can cook for 200 guests".

Akwai inda Bature ke yar da "for" ɗin, kuma ya zauna daidai. "I cooked my husband tuwo" ba kuskure ba ne, domin an ambaci mai ci, sannan abincin ya biyo baya nan take. Amma kika ja birki a kan "husband", Alhaji ya shiga tukunya.

Tunda sana'a ce, ni na fi son "I cater for weddings". Wanda ya karanta zai gane har wurin taro kike kai abinci da kulolinki, ba girkin gida kawai ba.

Af, shayi kuma ba a ce masa "cook". Mu muke dafa shayi, su "make tea" suke cewa. Tuwo da masa da miyar kuka ki bar su da sunayensu, mai saye ya san su.

Shi kuwa ɗan naki, ranar da ya zo da kwanonsa, kada ki zuba masa sai ya faɗa miki Turancin ƙanzo.