Bikin Sunan Tsoho Mai Furfura

Kawu, na ji saƙonku, har da dariyar da kuka yi da na ce na je "sunan" maƙwabcina. Kuka ce a wace ƙasa ake yi wa ɗan shekara saba'in suna? To, ba rago aka yanka ba, bari in warware muku.

A nan Girka yawancin sunaye na waliyyan Kiristoci ne, kowane waliyyi kuma da ranarsa. Idan ta zagayo, duk mai wannan suna shi ke da buki, kuma a wurin tsofaffi ta fi ranar haihuwa daraja. Maƙwabcin nawa Dimitiriyos ne, ranarsu 26 ga Oktoba. A Tasalonika inda muke, ran nan ko makaranta ba a buɗewa, don Waliyyi Dimitiriyos ne waliyyin gari. Rumawa ne suka soke shi da masu wajen shekara ta 306, zamanin Sarki Galeriyus. Cocinsa na nan tsakiyar gari, har ta taɓa zama masallaci a hannun Turkawa kafin garin ya koma hannun Girkawa a 1912.

Sunan kuwa ya girmi Kiristanci nesa ba kusa ba, daga gunkiyar nomansu Dimita aka samo shi. Akwai Dimitiriyos sarkin Masadoniya, ɗan Antigonas, shi uban ɗaya ne daga cikin sarakunan yaƙin Iskandar Mai Girma. Dimitiriyos ɗin ya yi wa birnin Rodos zobe a shekara ta 305 kafin haihuwar Annabi Isa, ya shekara a bakin ganuwa ya dawo hannu rabbana, amma duk da haka "mai ƙawanyar birane" ake masa kirari. Na taɓa tsokanar tsohon, na ce cikin biyun wa ya gada? Ya ce shi sunan kakansa kawai ya ci. Kamar dai mu, har da sakayawa: inda za mu ce Abba, su sai su ce Mitsos ko Mimis.

Mu 'yan tsirarun Hausawan nan ba ma shiga coci, ba ma kunna kyandir, ku kwantar da hankalinku. Gaisuwa ce kawai: ka ƙwanƙwasa ƙofa ka ce "horoniya pola", wato Allah ya ja kwana. Mai sunan ne ke ciyar da baƙi. Ya san ba na shan giya, sai ya miƙo mini gahawa da kayan zaƙi a ɗan faranti. Da Babbar Sallah kuma Hajiya ke aika masa soyayyen nama, kwanon bai taɓa dawowa wayam ba.