Tambaya da Amsa: Ina Ma'anar Magana Take Zaune?

Wasiƙu uku da muka zaɓa a wannan fitowa sun zo daga mutanen da ba su san juna ba, amma duk sun taru a kan damuwa ɗaya, wato yadda magana guda take sauya ma'ana idan an sauya mata wuri.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai nazarin harshe. Malaminmu ya ce mana a aji kalma ba ta da ma'ana sai an san muhallin da aka faɗe ta. Abin ya ɗaure mini kai, domin idan haka ne, mene ne amfanin ƙamus, kuma da me za a raba gardama idan mutum biyu suka saɓa a kan abin da wata kalma take nufi?

Amsa: Malama, barka kadai, Allah ya ba da sa'ar karatu. Malaminku ya faɗi gaskiya, sai dai ya ɗan zafafa ta domin ku farga. Aikin ƙamus shi ne ya tattara ma'anonin da masu harshe suka riga suka ɗora wa kalma, tun daga na Bargery da ya fito a 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da ƙamus ba zai iya yi miki ba shi ne ya gaya miki wacce daga cikin ma'anonin nan mai magana ya ɗauko yau, a gabanki, da wannan muryar.

Ki ɗauki kalmar "ci", wadda kowane yaro zai ce miki ya san ta. Wanda ya ci jarrabawa ana taya shi murna, wanda ya ci amana ana gudunsa, wanda ya ci bashi ana binsa, wanda aka ci wa mutunci yana neman hakkinsa, wuta tana ci, kasuwa tana ci, aiki kuma yana ci gaba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi tauna ko haɗiya, kuma ba mu taɓa ruɗewa, saboda kalmar da ke kusa da "ci" ita ce take yanke mana hukunci tun kafin mu yi tunani. A rubuce ma abin ya fi haka tsanani, domin rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Haruffa huɗun nan na "fari" suna iya zama launi, ko ƙarancin ruwan sama, ko ƙwarin da ke cinye amfanin gona, ko kuma farko kamar a "ɗan fari". Idan kin karanta "fari ya yi ɓarna" kin san ruwa ne ya ɗauke, idan kuwa "fari sun yi ɓarna" kika gani kin san ƙwari ne suka sauka. Ɗan ƙaramin wakilin sunan nan da ke biye, "ya" ko "sun", shi kaɗai ya raba bala'i biyu.

Wannan shi ne muhalli na kusa, wato maƙwabtan kalma a cikin jimla. Akwai kuma wani da ya fi shi faɗi, kuma a ganina ya fi shi ban sha'awa, wato wa ya yi maganar, da wa yake yi, a ina, kuma me ya gabata tsakaninsu. Uwa ta ce "yaron nan ba ya ji": idan a gaban likita ta faɗa, za a duba kunnensa, idan kuwa a gaban malaminsa ta faɗa, za a duba tarbiyyarsa, alhali ba ta sauya ko harafi ɗaya ba. "Sannu" tana zama gaisuwa ga mai aiki, jaje ga wanda ya yi tuntuɓe, lallashi ga mara lafiya, kuma idan aka ja ta da wata irin murya ga wanda ya yi ɓarna sai ta koma tsawatarwa. Mutum yana fita daga ɗaki yana cewa "ina zuwa", babu kuma wanda ya ce masa ya yi ƙarya. Gatse kuwa gaba ɗayansa a kan wannan ya dogara, domin mai cewa yaro "ci gaba da wasa da wuƙar" yana nufin kishiyar abin da bakinsa ya furta, kuma ya amince cewa yanayin zai isar da saƙon.

Masana sun daɗe da lura da haka. Malaman balaga na Larabci sun bayyana balaga da cewa ita ce dacewar magana da abin da yanayi yake buƙata, kuma Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a shekara ta 471 bayan Hijira, ya kafa hujja a kan cewa darajar kalma tana fitowa ne daga yadda aka saƙa ta da 'yan'uwanta. Malaman tafsiri ma sun ware fanni guda domin kalmomin da suke zuwa da fuskoki da yawa. Kalmar "umma" a Alƙur'ani tana nufin taron jama'a a Suratul Ƙasas aya ta 23, tana nufin wani tsawon lokaci a Suratu Yusuf aya ta 45, a Suratun Nahli aya ta 120 kuma an siffanta Annabi Ibrahim shi kaɗai da ita. A Turai, masanin al'adun al'umma Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand da ke Tekun Pasifik a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya gano cewa fassara zancensu kalma bayan kalma ba ta ba da komai sai an san aikin da suke yi lokacin da suke maganar, ya kuma rubuta hakan a 1923. Bayansa masanin harshe J. R. Firth na Jami'ar Landan ya taƙaita batun a 1957 da cewa ana sanin kalma ne ta abokan tafiyarta.

Don haka kada ki jefar da ƙamus ɗinki. Shi ne yake kafa shingen da kalma take kiwo a cikinsa, muhalli kuma ya nuna miki inda take tsaye a cikin shingen. Duk yadda yanayi ya sauya, "fari" ba za ta koma ma'anar jirgi ba sai idan masu magana sun yi yarjejeniya a kan haka tun da farko.

Tambaya: Malam, na tura wa wani abokin aikina saƙon waya na ce masa "ka kyauta" bayan ya kammala wani aiki, sai ya ɗauka gatse nake yi masa, har muka yi kwanaki ba ma magana. Ga kuma guntayen bidiyo da ake yaɗawa, mai maganar ya fito ya ce an yanke masa zance. Me ya sa rashin fahimta ya fi yawa a irin waɗannan hanyoyi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya daidaita tsakaninku. Da a gabansa ka faɗi "ka kyauta", da muryarka da sakin fuskarka sun yi maka shaida. Saƙon waya ya ɗauki kalmomin ya bar shaidun a baya, shi kuma abokinka ya cike giɓin da abin da ke ransa a wannan lokaci. Wataƙila yana ganin ya makara da aikin, ko yana zargin ba ka gamsu ba, sai ya karanta saƙon da muryar da yake tsoron ji. Mai karatu ba ya taɓa barin magana babu muhalli, idan ba a ba shi ba sai ya ƙirƙiro nasa.

Ko hoto bai tsira daga wannan ba. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, mai shirya fim ɗan ƙasar Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya jera ta sau ɗaya da kwanon abinci, sau ɗaya da gawa a cikin akwati, sau ɗaya da yarinya tana wasa. Kamar yadda aka ruwaito, masu kallo sun yaba yadda ɗan wasan ya nuna yanayi daban-daban a wurare ukun, alhali fuskar ɗaya ce ba a taɓa ta ba. Abin da aka ajiye kusa da ita shi ne ya ba ta ma'ana. Mai yanke daƙiƙa ashirin daga jawabin sa'a guda ya san wannan sarai, ko da bai taɓa jin sunan Kuleshov ba, kuma ina ganin laifinsa ya fi na maƙaryaci na yau da kullum muni, domin ya yi ƙarya da kalmomin gaskiya, ya kuma sa bakin wani ya faɗe ta a madadinsa. Malamai suna yawan ba da misali da aya ta 4 ta Suratul Ma'un, wadda ta yi gargaɗin azaba ga masallata: wanda ya tsaya a nan bai ƙara ko harafi ba, amma ya juya saƙon, domin aya ta 5 ce ta bayyana cewa masu sakaci da sallarsu ake nufi.

Wani lokaci ma abin da aka bari ba a faɗa ba shi ne saƙon. Masanin falsafa Paul Grice, a laccocin da ya gabatar a Jami'ar Harvard a 1967, ya kawo misalin malamin da aka nemi ya rubuta wa ɗalibinsa takardar shaida domin neman aikin koyar da falsafa, sai ya rubuta cewa ɗalibin ya iya Turanci kuma ba ya fashin zuwa darasi, ya sa hannu. Babu kalmar suka ko ɗaya a takardar, amma duk wanda ya san abin da ake sa ran gani a irinta ya fahimci cewa malamin ba ya ganin ɗalibin ya cancanta.

Shawarata gare ka ita ce idan yabo kake nufi a rubuce, ka ambaci abin da ka yaba, ka ce "ka kyauta da ka gama rahoton nan a kan lokaci, ya taimake ni", domin ƙarin kalmomin su ne suke maye gurbin muryarka. Game da guntun bidiyo kuwa, ka nemi cikakkensa kafin ka tura wa wani. Shi ma mai cewa an yanke masa zance akwai nauyi a kansa, wato ya kawo abin da aka yanke ɗin a gani ko da gaske yana sauya ma'anar, saboda ba kowace ɓaranɓarama ce muhalli yake wankewa ba.

Tambaya: Malam, idan ma'ana tana bin muhalli, ashe ke nan kowa yana da damar fassara doka ko nassi yadda ya ga dama?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kuma wannan kuskure ne da nake jin tsoronsa fiye da na masu riƙe ƙamus su ƙi duba yanayi. Muhalli rage yawan fassarori yake yi. Kalmar da ke tsaye ita kaɗai tana iya ɗaukar ma'ana goma, idan ta shiga jimla su ragu zuwa biyu, idan aka san mai magana da dalilinsa sau da yawa ɗaya ce take saura.

A 1958 masanin shari'a na Ingila H. L. A. Hart ya kawo misalin dokar da ta hana shiga wurin shaƙatawa da abin hawa. Kowa ya yarda cewa mota ta shiga cikin hanin, amma keke fa, ko motar wasan yara? A wannan shekarar Lon Fuller na Amurka ya mayar masa da martani da tambayar ko dokar ta hana a kafa tsohuwar motar soja a kan dandamali a wurin domin tunawa da yaƙi. Sun saɓa a kan abubuwa da dama, amma babu ɗayansu da ya ce alƙali ya zaɓi abin da ransa yake so. Muhawararsu a kan inda za a nemo hujja take, ko daga ma'anar da kowa ya sani ta kalmar, ko daga manufar da aka yi dokar dominta, wato kare masu tafiya a ƙasa daga haɗari da hayaniya.

Saboda haka idan wani ya zo maka da sabuwar fassara, ka tambaye shi abin da ya dogara da shi: jimlolin da suka gabata da waɗanda suka biyo baya, yadda mai maganar ya yi amfani da kalmar a wasu wurare, yadda mutanen zamaninsa suka fahimce ta, da dalilin da ya sa aka faɗe ta. Malaman tafsiri saboda wannan ne suka tattara dalilan saukar ayoyi, har al-Wahidi, wanda ya rasu a shekara ta 468 bayan Hijira, ya keɓe wa fannin littafi guda. Magana mai harshen damo tana nan, akwai kuma wuraren da masana na gaskiya za su duba dukkan waɗannan hujjoji su kasa haɗuwa a kan fassara ɗaya. A irin wannan wuri sai kowannensu ya shimfiɗa hujjarsa a fili, mai sauraro ya auna wadda ta fi ɗaukar dukkan abin da ke kewaye da maganar ba tare da ta bar wani ɓangare a waje ba.