Amsa: Shin shugabannin Yamma ba su san abin da ke haifar da ta'addanci ba ne?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka tambaya ko shugabannin Yamma ba su san dalilan da ke tunzura matasa shiga ta'addanci ba. Wallahi sun sani sarai, faɗa ne kawai ba sa so su yi don siyasa.

Duba Tony Blair, tsohon Firayim Ministan Birtaniya. Bayan harin Landan na 7 ga Yulin 2005 da ya kashe mutum 52, ya dage cewa ba yaƙin Iraƙi ne ya jawo ba, alhali tun Fabrairun 2003 jami'an leƙen asirinsa sun gargaɗe shi cewa mamaye Iraƙi zai ƙara barazanar Alƙa'ida, rahoton kwamitin Chilcot da ya binciki yaƙin Iraƙi ya fito da wannan ƙarara a 2016, ita kanta shugabar hukumar leƙen asirin cikin gida ta Birtaniya (MI5) ta lokacin, Eliza Manningham-Buller, ta faɗa wa kwamitin a 2010 cewa yaƙin ya ƙara haɗarin sosai. Shi kuwa Bush, shugaban Amurka na lokacin, tun 2001 cewa ya yi wai 'yancin Amurkawa ake ƙi, shikenan magana ta ƙare.

Amma fa a kula, fahimtar dalili ba halatta kisa ba ne, wanda ya tayar da bam cikin jirgin ƙasa azzalumi ne ko me ya fake da shi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne son kai. A rikicin IRA, ƙungiyar da ta yaƙi mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa da makamai, Birtaniya ta zauna da Sinn Fein, jam'iyyar siyasa mai alaƙa da ƙungiyar, har aka yi yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, aka saki fursunoni, aka duba koke-koken 'yan Katolikan yankin. Can sun yarda akwai ƙorafi, nan kuma in ka ambaci Iraƙi ko Falasɗinu sai a ce kana kare 'yan ta'adda.