Kafin Ka Dangwala Yatsa: Amsoshin Tambayoyinku Kan Gwajin Magani

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara shida yana da sikila. A asibitin da muke zuwa an ce ana gwajin wani sabon magani, aka ba ni takarda mai shafi shida da Turanci in sa hannu. Mahaifiyata ta ce kada in kuskura, ta tuna mini da yaran da aka yi gwaji a kansu lokacin sanƙarau. In sa hannu ko in ƙi? Daga wani uba a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Malam, tsoron Hajiya yana da tushe, don haka bari mu fara da abin da ta tuna.

A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewa, ta kashe sama da mutum 11,000. Ana tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da IDH, ya gwada maganinsa Trovan a kan yara kusan 200. An ba rabi Trovan, rabi kuma ceftriaxone, maganin da aka riga aka san yana aiki. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta ko makanta ko shanyewar jiki. Sanƙarau kansa yana barin irin waɗannan lahani, kuma a kan haka kamfanin ya tsaya, cewa cutar ce ta yi ɓarna ba maganinsa ba.

Amma abin da ya tayar da ƙura ya wuce lissafin waɗanda suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, ba a kuma sanar da su cewa likitocin agaji na MSF suna ba da sanannen magani kyauta a cikin harabar asibitin ba. Kamfanin ya ce an nemi izininsu da baki da Hausa, sai dai babu takardun sa hannu da za su tabbatar da hakan. Wasiƙar amincewar kwamitin ɗa'a, wato kwamitin da ke duba dacewar bincike kafin a fara shi, da aka nuna, daga baya ta bayyana cewa bayan gwajin aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. Sannan an rage wa yaran ɓangaren ceftriaxone adadin magani daga miligiram 100 zuwa 33 a kowane kilo na nauyin jiki. Kamfanin ya ce don rage zafin allura ne. Masu suka suka ce idan ka raunana maganin da kake kwatantawa da shi, dole naka ya yi fice.

Sai a Disambar 2000 jaridar Washington Post ta fito da labarin. A 2007 gwamnatin Kano da ta tarayya suka shigar da ƙara, a 2009 aka sasanta da Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. A 2011, shekara 15 bayan abin, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar da cewa yaran nasu ne. Shi kuwa Trovan, tun 1999 Amurka ta taƙaita amfani da shi, Turai ta dakatar da shi, saboda illarsa ga hanta. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a Kano a 2003, wannan labari yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi.

Yau akwai shingen da babu shi a wancan lokaci. Najeriya tana da kundin ɗa'ar binciken lafiya tun 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta tanadi cewa ba a bincike a kan mutum sai da izini a rubuce. Gwajin magani yana buƙatar amincewar NAFDAC da ta kwamitin ɗa'a mai rajista da kwamitin ƙasa, NHREC. Doka a takarda dai ba ta tsare yaro ita kaɗai, sai uba ya yi tambaya.

Kada ka sa hannu a ranar da aka ba ka takardar. Ka nemi ta Hausa, ka tafi da ita gida. Idan karatu zai yi wuya, a karanta maka gaban shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba ne, shi ya sa hannu, kai ka dangwala yatsa, a ba ka kwafi. Ka duba ko akwai sunan kwamitin da ya amince da lambar wayarsa, ka kira ka ji da kunnenka. Ka tambayi matakin gwajin: na farko mutane kaɗan ne, ana neman sanin ko jiki zai ɗauka, na uku ɗaruruwa ne ko dubbai, bayan an san abubuwa da yawa game da maganin. Ka ji sau nawa za a ɗebi jini da yawansa, domin mai sikila ba shi da jinin wasa. Ka ji wa zai biya idan maganin ya kwantar da yaro, da wanda za ka kira da tsakar dare, da kuma ko za a ci gaba da ba shi maganin bayan an gama idan ya karɓe shi.

Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce: idan na ƙi, ko na fita a tsakiya, za ku ci gaba da duba ɗana kamar da? Amsar da ta halatta ɗaya ce, e, ba tare da sharaɗi ba. Idan ka ga an fara kame-kame ko an ɓata rai, naɗe takardar ka mayar. Idan an amsa maka komai a fili, shiga ba ganganci ba ne, kuma ya kamata ka zauna da mahaifiyar yaron da Hajiya ku yanke tare.

Tambaya: An koya mana cewa a gwaji ƙuri'a ce ke raba marasa lafiya, wani lokaci ma a ba wasu ƙwayar da babu magani a cikinta. Wannan ba zalunci ba ne? Daga wata ɗalibar aikin jinya a Zariya.

Amsa: Malama, ƙuri'ar tana da dalili. Idan likita ne zai zaɓa, zuciyarsa za ta sa ya ba masu ƙarfi-ƙarfi sabon magani, sai sakamako ya yi kyau alhali ba aikin maganin ba ne. Ƙuri'a tana halatta ne kawai idan da gaske masana ba su san wanne ya fi ba. Ranar da aka sani, ci gaba da ita ya zama cuta, shi ya sa ake naɗa kwamiti mai zaman kansa da ke leƙa sakamako lokaci-lokaci, yana da ikon ba da shawarar a tsayar da gwajin.

Ƙwayar wofi kuwa, ƙa'idar Helsinki, wato kundin ɗa'ar binciken lafiya a kan mutane na likitocin duniya, wadda aka fara fitarwa a 1964, ta ce a kwatanta sabon magani da mafi kyawun wanda ake da shi. Ba a hana mai sanƙarau magani don a ga abin da zai faru. Misali na kusa: a binciken da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna kan kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, duka ɓangarorin biyu sun sha maganin sikila mai suna hydroxyurea, ɗaya miligiram 10 a kowane kilo, ɗaya 20. Babu yaron da aka bari hannu rabbana. Inda gardama ta fi zafi har yanzu shi ne "mafi kyawun magani" na ina, na Landan ko na ƙauyen da ake gwajin? Mu dai muna ganin talaucin gari ba ya zama lasisin ba mutanensa abin da ba za a yarda a ba ɗan mai kamfanin ba.

Tambaya: Maƙwabcina ya ce ana ba su kuɗi duk zuwan da suka yi. Ba sayen mutane ake yi ba? Daga wani tela a Maraɗi.

Amsa: Kuɗin mota, abinci da diyyar yinin da aka rasa a kasuwa ko gona haƙƙi ne, bai kamata mutum ya yi asara don ya taimaki bincike ba. Kwamitin ɗa'a ne ke duba adadin, kuma ya kamata ya kasance a rubuce cikin takardar izini. Ya zama matsala idan kuɗin ya yi yawan da zai sa mai buƙata ya rufe ido ga haɗari, ko ya ɓoye wata cuta ko juna biyu don kada a cire shi, wanda hakan kan iya jawo masa illa ya kuma ɓata sakamakon. Ka ce wa maƙwabcinka ya duba abu ɗaya: ana biya ne a kowane zuwa, ko an riƙe duka sai ƙarshe? Riƙewa har ƙarshe ɗaure mutum ne, domin wanda maganin ya fara damunsa zai daure don kada kuɗinsa ya salwanta.